Farin Busasshen Folish a Jikin Mota: Dalilinsa da Hanyar Fitar da Shi

Duk wanda ya saba bin titunan Dutse tsakanin watan Nuwamba da na Fabrairu ba zai rasa ganin irin wannan mota ba: an wanke ta, an goge ta da folish, jikinta yana ta walƙiya, amma gefen bamba da robar tagogi da bakin maƙallin ƙofa duk sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu garin alli. Mai motar ya biya kuɗi don a ƙawata masa ita, sai ga shi ya koma gida da wani fari wanda ruwa ba ya fitarwa. Abin da yakan biyo baya shi ya fi muni. Wani ya sa farce ya kankare, wani ya sa soso da omo, wani kuma ya tsoma tsumma cikin fetur ko tina ya dirje wurin. Farin yakan fita, amma sau da yawa yakan tafi da fentin, shi kuwa fenti ba fata ba ne balle a ce zai warke da kansa.

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga cikin tsohuwar Jihar Kano aka mai da Dutse babban birninta, motoci suke ta ƙaruwa a garin, kuma buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya daɗa yawansu. Wankin mota ya zama hanyar abincin samari da dama a Dutse da Shuwarin da Kiyawa da Birnin Kudu, cikinsu har da ɗaliban sakandare masu yin aikin bayan an tashi daga makaranta. Yaron da ya lalata fentin ƙofa ɗaya yana iya rasa ladan aikinsa na makonni, ya kuma rasa mai kawo masa mota. Ilimin da zai kare shi daga wannan asara kuwa yana nan cikin darussan kimiyyar sinadarai da na halittu da na haske waɗanda ake koya masa a aji.

Fentin da ake gogewa

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen da yake hana ƙarfe tsatsa, sai shimfiɗar fenti, sai mai launi, sannan a sama wani shafe garai-garai marar launi wanda shi ne yake ba mota ƙyalli. Idan an haɗa su duka, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato duk fentin bai fi kaurin takardar rubutu da wani abin kirki ba. Shafen ƙyalli shi kaɗai yana tsakanin maikiron 35 da 50, bai ma kai kaurin silin gashin kan mutum ba a mafi yawan lokuta. Wannan ɗan shafe shi ne yake tare hasken rana mai ƙona launi, kuma idan ya ƙare babu wani magani sai sabon fenti. Motocin da suka girmi wannan tsari, irin tsofaffin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da waɗansu motocin haya da aka sake fesawa da fenti mai araha, launi da ƙyallinsu a haɗe suke cikin shafe guda. Shi ya sa idan ana goge su ake ganin launin motar a jikin tsumma.

Ƙyallin mota yakan dushe ne saboda ɗimbin ƙananan ƙarce da suke watsa haske ta ko'ina maimakon su mayar da shi fuska ɗaya kamar madubi. Aikin folish shi ne ya cinye ɗan saman shafen har ya daidaita da gindin waɗannan ƙarce. Ashe ke nan kowace guga ragi ce, ba ƙari ba.

Abin da ke cikin gwangwani

Folish gauraye ne na abubuwa kamar huɗu: ruwa, da wani mai marar nauyi dangin kananzir, da mai mai santsi, da kuma gari mai laushi wanda shi ne yake yin gugar. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, don haka ake zuba wani sinadari dangin sabulu da yake tsinka man ya zama ƙananan ɗigo masu yawo cikin ruwan. Madarar shanu ma haka take, ɗigon kitse ne cikin ruwa.

Garin gugar iri-iri ne. Akwai alumina mai tsananin tauri, akwai gasasshiyar farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alkaleri ta Jihar Bauchi, akwai kuma wata ƙasa mai ban sha'awa da ake kira dayatomayit. Ita wannan ba ƙasa ba ce a asali. Ɓawo ne na dayatom, waɗansu ƙananan halittun ruwa masu ƙwayar halitta ɗaya, waɗanda suke gina wa kansu gida da silika, wato sinadarin gilashi. Idan sun mutu sai ɓawon ya kwanta a gindin tafki, shekaru dubbai yana taruwa, har ya zama farin dutse marar nauyi mai marmashewa a hannu. Ana samun sa a Bularafa ta Jihar Yobe. Fa'idarsa a wurin guga ita ce raunin ɓawon: yana karyewa ya daɗa laushi yayin da ake aiki, ya fara da cin fenti ya ƙare da lallashinsa.

Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan folish akwai kaki a cikinsa, ko da yake aikin kaki daban ne. Shi kaki ba ya cin fenti, rufe shi yake yi. Wanda ya fi shahara shi ne kakin karnuba, daga ganyen wata bishiya ta arewa maso gabashin Burazil mai suna Copernicia prunifera, 'yar dangin dabino da giginya da goriba. Yankin nan yana da dogon rani, sai bishiyar ta lulluɓe ganyenta da kaki don kada ruwan jikinta ya ƙafe. Manoma sukan sare ganyen da rani, su shanya, su kakkaɓe kakin ya zubo kamar gari. Tsire-tsiren ƙasar Hausa ma suna yin wannan dabara. Furfurar da ke kan ganyen tumfafiya kaki ce, kuma kaki ne yake sa ɗigon ruwa ya yi ta gangara a kan ganyen gwaza bai jiƙa shi ba. Masana biyu na ƙasar Jamus, Wilhelm Barthlott da Christoph Neinhuis, sun bayyana a 1997 yadda irin wannan ganye yake wanke kansa: ruwan da ya dunƙule yakan mirgina ya kwashe ƙura. Mai mota da yake jin daɗin ganin ruwa yana dunƙulewa a kan bonet, dabarar ganye ya ara.

An fifita karnuba saboda jurewar zafi. Kakin zuma yana narkewa a digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salsiyos, shi kuwa karnuba sai an kai digiri 82 zuwa 86. Jikin baƙar mota da ta wuni a ranar watan Afrilu yana iya wuce digiri 70. Da kakin zuma aka shafa mata, da ya yi laushi ya kama duk ƙurar hanya. Amma wannan taurin da ake so shi ne kuma yake wahalar da mai wanki idan kakin ya bushe inda bai kamata ba.

Dalilin bushewa da dalilin fari

Da zarar an shafa folish, ruwan da man nan marar nauyi sukan fara bin iska. Abin da ya rage shi ne gari da kaki da ɗan mai. Idan an goge a kan kari, man yana nan yana riƙe da garin, tsumma ya kwashe su tare. Idan an yi jinkiri, kakin ya daskare ya ɗaure garin kamar yadda siminti yake ɗaure yashi. Abubuwa uku suke gaggauta wannan bushewa: zafi, da iska mai kaɗawa, da ƙarancin laima. A Dutse da hunturu laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga iskar gabas tana kaɗawa. Da bazara kuma zafin inuwa kansa yana haura digiri 40. Umarnin da aka rubuta a jikin gwangwani, cewa a jira mintuna kaza kafin a goge, galibi an tsara shi ne don ƙasashe masu sanyi da laima. Wanda ya bi shi ido rufe a bakin titin Kiyawa da azahar, ya shafe mota gaba ɗaya sannan ya dawo gogewa, zai tarar da farkon aikinsa ya zama ɓawo.

Injin guga ma yana da nasa laifin. Na ainihi yana juyawa kamar sau 1,000 zuwa 2,000 a minti ɗaya, kuma idan an cika masa folish sai ya yi ta fesa shi cikin kowane lungu. Waɗansu kuwa injin yankan ƙarfe suke ɗaura wa soso, wanda ƙaraminsa yake juyawa fiye da sau 10,000 a minti. Wannan ganganci ne, domin zafin da yake haifarwa yana ƙona shafen ƙyalli cikin daƙiƙoƙi, musamman a kan kusurwa inda fenti ya fi sirantaka.

A kan fenti mai santsi ɓawon ba ya samun wurin kamawa sosai. Matsalar tana ga baƙar robar bamba da ta gefen tagogi. Ita ba a rufe ta da fenti ba, kuma da gangan aka yi mata ƙurji-ƙurji. Idan aka duba ta da gilashin ƙara girma za a ga tuddai da kwaruruka. Garin folish yana gangarawa cikin kwarin, tsumma kuwa kan tuddan kawai yake bi.

To, me ya sa abin yake fari, alhali jiƙaƙƙen folish a kan roba kusan ba a ganin sa? Amsar tana ga yadda haske yake lanƙwasa idan ya fita daga wani abu ya shiga wani. Masana suna auna wannan da lamba: iska 1.0, ruwa 1.33, man gyaɗa kimanin 1.47, silika 1.46, farar ƙasa kimanin 1.56. Idan lambobin abubuwa biyu sun yi nisa da juna, haske yakan karkace sosai a kan iyakarsu, wani kuma ya dawo baya. A busasshen folish, iska ce a tsakanin ƙwayoyin garin. Haske yana shiga ya ci karo da iyaka bayan iyaka, dubbai, har ya watse ya dawo ido da dukkan launukansa a haɗe, abin da ido yake gani fari ke nan. Idan mai ya maye gurbin iskar, lambobin sun kusanci juna, haske sai ya ratsa ya isa baƙar robar ta shanye shi. Kowa ya san wannan a takardar da aka ƙunshe ƙosai ko tsire: inda mai ya taɓa, farar takarda takan koma garai-garai har ana iya karanta rubutun bayanta.

Wannan bayani yana tona asirin wata dabara da ta yaɗu, ta shafa man gyaɗa ko tunkuza ko baƙin mai a kan robar. Nan take farin yakan ɓace, mai mota ya yi murna. Gaskiya ne man yana ɗan sassauta kakin, amma yawancin garin yana nan a kwance cikin kwarin, ɓoye shi aka yi. Bayan wanki biyu ko uku man ya tafi, farin ya dawo, kafin nan kuma man ya tara ƙura. Baƙin mai kuwa har kumbura wasu robobi yake yi.

Yadda ake fitar da shi

Matakin farko shi ne inuwa. A kai motar ƙarƙashin rumfa ko darbejiya, a jira har bayan hannu ya iya zama a kan ƙarfen ba tare da jin zafi ba. Sassafe ko bayan la'asar ya fi.

Sannan a ɗauraye motar da ruwa mai yawa kafin tsumma ya taɓa ta. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci a Jigawa. Wani kaso mai yawa na hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, gindin wani ƙaton tafki da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, kuma ƙurar can ɓawon dayatom ne, wato dangin garin da ke cikin gwangwanin folish. Sai dai ƙurar da take sauka a arewacin Nijeriya tana ɗauke da kwaz mai yawa, ma'adinin da ya fi yawa cikin yashi. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya fara daga 1 ya ƙare a 10, farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi 5.5, kwaz kuwa 7. Fentin mota bai fi farce tauri da yawa ba. Busasshen tsumma a kan mota mai ƙura ba shi da bambanci da takardar yashi ta kafinta, kuma daga nan ne zanen nan mai kama da saƙar gizo yake fitowa, wanda ake gani a jikin baƙaƙen motoci idan rana ta haska su.

A kan fenti, a jiƙa tawul mai laushi da ruwan ɗumi da sabulun wankin mota, a ɗora a kan ɓawon na ɗan lokaci ya jiƙa, sannan a share a hankali ta fuska ɗaya, ana juya tawul zuwa gefe mai tsabta. Tawul ɗin zamani mai siraran zare, wanda aka ƙirƙiro zarensa a Japan wajen 1970, ya fi tsohuwar riga, domin zarensa a tsage yake, yana ɗauke gari ya ɓoye a ciki maimakon ya ja shi a kan fenti. Idan ɓawon ya ƙi, akwai hanya mai sauƙi da mutane suke mamaki: a ɗiga sabon folish kaɗan a kansa, a murza a hankali, a goge nan take. Man da ke cikin sabon shi ne ainihin abin da ya tsere daga tsohon, don haka shi ya fi dacewa ya narkar da shi. Ƙa'idar ita ce abu mai maiƙo mai ne yake narkar da shi, kamar yadda ruwa yake narkar da gishiri da sukari amma ba ya taɓa kaki. Sabulu kuwa yana aiki ne don ƙwayarsa baki biyu gare ta, ɗaya mai kama maiƙo, ɗaya mai kama ruwa.

Idan har yanzu da saura, a sirka sifirit na kemis, kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, a gwada tukuna a wani ɓoyayyen wuri kamar cikin bakin ƙofa, sannan a shafa a goge kafin ya bushe. Sifirit yana kama wuta, kuma yana cire kakin kirki tare da na banza, don haka sai an sake shafa kaki a wurin. Motar da ba ta wuce wata ɗaya zuwa uku da sabon fenti ba, ruwa da sabulu kawai ya kamata ta gani, domin fentin bai gama ƙwari ba.

A kan baƙar roba, aikin na buroshi ne. Tsohon buroshin haƙori mai laushi da ruwan sabulu mai ɗumi suna shiga kwarin da tsumma ya kasa. A murza a zagaye, a share kumfar tun tana jiƙe, don idan ta bushe garin zai koma mazauninsa. Farin magogin fensir na 'yan makaranta ma yana aiki, yana danna kansa cikin kwarin ya dunƙule garin ya fito da shi. Lungunan tambari da haruffan sunan mota kuwa, tsinke da aka naɗe wa auduga ya ishe su. Ba a tabbatar da nasara sai wurin ya bushe sarai, saboda dalilin da aka bayyana a sama: jiƙaƙƙen gari ba ya nuna kansa.

Omo ba na jikin mota ba ne, domin yana da kaifin kanwa, kuma ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna ƙarce. Tina an yi ta ne musamman don narkar da fenti, ba ta san bambanci tsakanin wanda ake so da wanda ba a so ba. Fetur kuwa illarsa ta wuce mota ta kai ga jikin mai aikin. Akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda yake shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma binciken likitoci ya tabbatar yana haddasa sankarar jini. Yaron da yake tsoma hannu cikin fetur kullum, yana kuma shaƙar garin guga ba tare da rufe hanci ba, yana sayar da lafiyarsa da arha.

Rigakafin ba shi da tsada: a liƙa salatif na takarda a kan roba kafin a fara, a rage yawan folish, a riƙa yin aiki kaɗan-kaɗan, fili kamar rabin ƙofa, a goge kafin a matsa gaba.

Ba kowane fari ne folish ba

Akwai tabo iri biyu da ake rikitawa da shi. Na farko zobba ne ƙanana da ruwan rijiya ko na burtsatse yake bari idan ya bushe a rana. Wannan gishirin alli ne da ke narke cikin ruwan, sifirit ba ya taɓa shi, sai ruwan tsami marar ƙarfi kamar ruwan kal da aka sirka rabi da rabi, a kuma ɗauraye nan da nan. Na biyu shi ne farin da yake bayyana a kan rufin mota da bonet, mai gefe kamar saɓar maciji. Wannan shafen ƙyalli ne rana ta kashe yake ɓarewa. Idan an jiƙa shi yakan ɓace na ɗan lokaci kamar folish, amma ba ya fitowa a jikin tawul, kuma guga ƙara faɗaɗa shi take yi. Mai wankin da ya gane shi ya kamata ya nuna wa mai motar tun kafin ya taɓa, don kada a ɗora masa laifin rana.

Gwaji don aji

Malami zai iya nuna duk wannan da kayan da ba su da wuyar samu. A sami gutsuren kwanon rufi biyu a shafa musu baƙin fenti, a ajiye ɗaya a rana ɗaya a inuwa na rabin sa'a. A auna zafinsu, a ɗiga folish daidai wa daida a kan kowanne, ɗalibai su rubuta mintunan da ya ɗauka kafin ya yi fari. A maimaita da damina a kwatanta.

Sannan a sami tsohuwar robar bamba daga wurin makanikai, a shafe ta da folish a bari ya kwana. A raba ta gida huɗu: ɗaya a share da ruwa zalla, ɗaya da man gyaɗa, ɗaya da buroshi da sabulu, ɗaya da magogi. Ɗalibai su rubuta wanda ya fi kyau a ranar farko. Bayan nan a riƙa share duka huɗun da tsumma da ruwan sabulu sau ɗaya kowace rana har mako guda, su sake rubutawa, su kuma bayyana dalilin da ya sa jerin ya sauya.

Gwaji na uku na ganye ne. A ɗiga ruwa a kan ganyen gwaza ko na tumfafiya a zana siffar ɗigon. A murje rabin ganyen da auduga mai sifirit, a sake ɗigawa, a sake zanawa. Idan tumfafiya aka yi amfani da ita, malami ne zai tsinko ganyen da kansa ya bar nonon ya tsane, domin nononta yana cutar da ido, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan an gama.